Harshen Gwaggo Asabe

A Tek, hawa na biyu, ɗakin da ba ya ganin rana,
ina renon abin da ido bai taɓa gani ba.
Inzayim sunansa. Daga jikin yis muka tatso shi,
yis ɗin nan da ke kumbura burodi,
wanda in an bar shi da sukari kwana biyu
sai ya haifi barasa.
Ɗan gida ne, ya san inda ɗakin ke yoyo.

Nakan ɗiga shi a bakin tsinken roba
mai zanen gawayi siriri kamar kwalli,
in jira ya bushe.
Ba ruwansa da sukari, ba ya gaida gishiri.
Itanol kaɗai yake jira a ƙofa.
In ta zo ya karɓe abin da ta riƙo,
ya miƙa wa waya,
waya ta kai wa allo,
allo ya rubuta lamba.
Shekara uku aikina ke nan.

Gwaggo Asabe tana Aboabo,
shekara talatin da ɗaya tana dafa zoɓo
da citta, kanumfari, ɓawon abarba.
Asantawa su ce sobolo, ta ce to, kawo kuɗin.
Ranar Laraba aka ɗauke wuta tun la'asar,
firij ya kwana yana gumi, ya wuni.
Kwalba sittin da huɗu.

Ta buɗe ɗaya, ta taɓa da harshe, ta tofar.
"Ya juya."
Na ce, Gwaggo, bari ilimi ya yi magana.

Na ɗebo tsinkayena a jakar hannu.
Torotoro ta maƙale a mahaɗar Anloga,
awa ɗaya da rabi, jakar tana kan murfin inji,
ni ina lissafin yadda zan yi mata bayani a hankali
don kada ta ji kunya.

Na tsoma. Sifili.
Na canza wani. Sifili.
Na ce, sayar da abinki, ruwa ne da sukari.
Ta dubi tsinken, ta dube ni.
"Zaliya, yaron nan naki mura yake yi."

Ta tuntsurar da su a kwata, ɗaya bayan ɗaya,
har layinmu ya yi ja kamar ranar layya.
Ina ƙirga sidi yana bin ruwa
na ɓoye kwalba guda a mayafina.

Washegari, sabon tsinke daga cikin sanyi.
Lamba ta tashi, ta yi rawa, ta tsaya:
ɗaya da ɗigo biyu cikin ɗari.
Dokta Boakye ya ɗaga na jiya ga fitila,
ya ce zafi ya dafa su a hanya.
Ƙwan da ya ga kasko
ba ya komawa ƙwai.

Da na faɗa mata ba ta ce na gaya miki ba.
Tana wanke kwalabe ta tambaya,
"Lambar, halal ta ce ko haram?"
Na ce ƙirga kawai ya iya.
"Ni ma ɗanɗano kawai na iya.
Saura tsakanina ne da wanda zai buɗe baki da shi
ran Alhamis, bai tambaye ni komai ba."

Yanzu tsinkayena a kularta suke tafiya,
ƙunshe a leda, tsakanin ƙanƙara da jajayen kwalabe.
Ita ke taɓawa da harshe tukuna,
sannan ta ce in tsoma.
Sau tara sun yarda da juna.
Sau ɗaya ta yi shiru, ta sake ɗanɗanawa,
ta daɗe tana kallon allon.

"Harshe ma yana tsufa," in ji ta.
"Ki koma ki koya masa jure rana.
Nan Kumasi ce,
ba kowa ke da ƙanƙara ba."